Zogale da attarugu a bakin taga: noman tukunya a ƙasashen sanyi

Duk wanda ya yi 'yan watanni a Ingila ko Jamus ko Kanada, ya ga kuɗin da ake sayar da ɗan ƙullin busasshen zogale a shagon 'yan Afirka, sai zuciya ta ce masa: me zai hana ka shuka abinka? Babu abin da zai hana. Sai dai yawancinmu a gidan haya muke, wani a hawa na uku wani na biyar, babu tsakar gida balle bayan ɗaki. Gonar ba ta wuce bakin taga da 'yar baranda. Noman tukunya ke nan, kuma yana da nasa sharuɗɗan.

Mu fara da iri, tunda nan ake shiga matsala da hukuma. Don Allah kada ku sa Hajiya ta tuge muku tsiro da ƙasarsa ta cusa a jakar mai zuwa. Tun ranar 14 ga Disamba 2019, Tarayyar Turai ba ta barin a shigo da tsiro ko irin shuka ko ɗanyen kayan lambu sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, ko da a jakar hannu ne. 'Ya'yan itace biyar kawai aka ɗauke wa wannan sharaɗi: ayaba, kwakwa, dabino, abarba da duriyan. Dokar Birtaniya ma kusan haka take. A Amurka wajibi ne ku bayyana wa jami'an kwastan duk wani abin shuka da ke jakarku, ɓoyewa kuwa tara ce. A Najeriya hukumar NAQS, mai binciken lafiyar kayan noma masu shiga da fita ƙasa, ita ce ke bayar da takardar, amma a ganina wahalar ba ta kai ba. Irin zogale, attarugu, alayyahu, kuɓewa da yakuwa duk ana samunsu a nan ƙasashen sanyi, a shagunan lambu ko ta intanet, da kuɗi kaɗan.

Sabon zuwa sanyi yake tsoro. Amma tsiron da ke cikin ɗaki ba sanyi ke fara kashe shi ba, duhu ne. A Kano tsawon yini bai cika nisa da awa 12 ba, rani da damina. A Landan kuwa, ranar 21 ga Disamba yinin bai cika awa 8 ba, ranar ma a raɓe take can gefen sama, sau da yawa gajimare ya rufe ta. Idan Yuni ya zo sai yinin ya haura awa 16. Tsiron ƙasarmu bai san wannan hawa da sauka ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kusan ba ya girma, ruwan da yake sha kuma ya ragu ƙwarai.

A nan ne tausayi ke yin ɓarna. Mun taso inda shuka in ta langaɓe ƙishi take ji, saboda haka da mun ga ganye ya fara rawaya sai mu ɗauko buta. Tsiron da ba ya sha, an tara masa ruwa a gindi cikin ƙasa mai sanyi, saiwarsa ruɓewa take yi. Saiwa in ta ruɓe ganye ya ƙara langaɓewa, mai shi ya ƙara ruwa, shi ke nan an gama da shi. Ku riƙa tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In da danshi, a ajiye butar. Lokacin hunturu wata tukunyar sai ta yi mako biyu ba ta nemi ruwa ba. Kowace tukunya kuma lallai ta kasance da huji a ƙasa, da faranti mai tare ruwa, a riƙa zubar da abin da ya taru. Farantin nan har kuɗin ajiyar da kuka ba mai gida yake karewa, don tabon ruwa a kafet ko katako daga ciki za a cire.

Tagar da ke kallon kudu ita ce ta shuka, domin a waɗannan ƙasashe ta kudu rana ke bi. In babu ita, ku sayi fitilar LED ta tsirrai, a kunna awa 12 zuwa 14 a yini. Kada a ɗora tukunya a kan hita ko dab da ita. Iskar ɗakin da aka kunna wa hita a bushe take kamar ta tsakiyar hunturun Katsina, kuma ita wasu mitsi-mitsin ƙwari masu yin saƙa a bayan ganye suke so. In kun ga ɗige-ɗige fari-fari da siririyar yana, ku kai tukunyar banɗaki ku wanke ganyen ciki da baya da ruwa mai ɗan ɗumi, ku maimaita bayan 'yan kwanaki. Darɓa ma haka ake mata.

Ƙasa kuwa, kada ku ɗebo ta filin shaƙatawa. A tukunya dunƙulewa take yi. Ta buhu ake saya, a gauraya ta da tsakuwa ƙanana ko farin dutsen nan mara nauyi, falayit, don ruwa ya riƙa wucewa.

To me za a shuka? Shawarata, a fara da masu ganye. Alayyahu shi ya fi kowa sauƙin kai: a shuka a Mayu, kafin wata biyu ana tsinka. Yakuwa ma tana yi, amma ku cire rai da zoɓo. Ita ba ta fure sai yini ya gajarta ya dawo wajen awa 12, a Turai kuwa hakan sai ƙarshen Satumba, lokacin da sanyi ya riga ya kawo kai. Ganyen miyar taushe za ku samu, na sha sai dai a shago. Kuɓewa zafi take so sosai, a baranda in an samu 'ya'ya goma an gode Allah.

Zogale yana da saiwa mai nitsewa, don haka doguwar tukunya yake so, mai zurfin bokitin fenti ko fiye. Yana tsirowa da sauri, ya miƙe siriri yana neman haske. Da ya kai gwiwa a datse kan, sai ya yi rassa. Idan sanyi ya shigo zai zubar da ganyensa kaf ya koma sanda, kuma mutane da yawa a nan suke jefar da shi a shara alhali da ransa. A rage tsawonsa, a ajiye shi inda sanyin bai yi ƙasa da digiri 10 ba, a kusan daina ba shi ruwa. Ku ɗan kankare ɓawon da farce. Muddin akwai kore a ciki, akwai sa ran ya toho wajen Afrilu.

Attarugu shi ne wanda ya fi biyan wahala, amma na mai haƙuri ne. Tun Janairu ko Fabrairu ake shuka shi a ɗaki, a wuri mai ɗumin digiri 25 zuwa 28, kuma yakan yi mako biyu zuwa huɗu kafin ya leƙo. Wanda ya bari sai Mayu, sanyi zai riske shi da ɗanyun 'ya'ya. In ya fara fure a cikin ɗaki, ku tuna babu ƙudan zuma babu iska, sai ku riƙa ɗan girgiza reshen da hantsi, ko ku shafa furannin ɗaya bayan ɗaya da auduga. A lokacin ne kuma ake fara ba shi takin ruwa na tumatir, mako-mako. Ba ya mutuwa a shekara guda. In an rage masa rassa aka raya shi ya tsallake hunturu, baɗi ya fi saurin haihuwa.

Mai son lemun tsami ya sayi ɗan aure, kamar yadda ake yi a gida. Na ƙwallo sai ya share shekaru bai yi fure ba. Ruwan famfon Landan da kudu maso gabashin Ingila akwai alli a cikinsa, shi ne farin da kuke gani a butar shayi, kuma yana sa ganyen lemo ya koɗe. In da hali a tara masa ruwan sama. Ƙwallon mangwaro kuwa a bar wa yara su shuka don sha'awa, ba za a sha ba.

Masu son fure za su yi mamakin ganin kariya, wadda ke tsaye a dajinmu ba mai kula ta, ana sayar da ita a 'yar tukunya da tsada. Tana jure zaman ɗaki in an ba ta rana aka hana ta ruwa da hunturu. Amma ruwan jikinta dafi ne, a ɗaga ta sama inda hannun yaro ba ya kai.

Saura fitar da su waje. Rana mai daɗi a Afrilu tana ruɗin mutum, da dare kuma raɓa ta daskare ta ƙone komai. Jamusawa sai tsakiyar Mayu ta wuce suke fitar da irin waɗannan tsirrai, mutanen Toronto suna jiran hutun Victoria, wato Litinin ɗin da ke kafin 25 ga Mayu, a arewacin Ingila da Sukotlan kuma gara a kai farkon Yuni. Ko lokacin ya yi, ba a fitarwa gaba ɗaya: awa biyu a inuwa yau, gobe a ƙara, har kamar kwana goma, in ba haka ba ganyen da ya saba da ɗaki rana za ta babbake shi. A dawo da su ciki da zarar sanyin dare ya fara sauka ƙasa da digiri 10, galibi ƙarshen Satumba. Kafin ku jera manyan tukwane a baranda ku duba takardar hayarku, don wasu gidajen sun hana rataya komai a jikin ƙarfen, kuma ƙasa in ta sha ruwa nauyi gare ta. Wanda ya ga abin ya karɓe shi, ya je ofishin ƙaramar hukumarsa ya rubuta suna a layin masu neman ɗan filin lambu na haya tun yanzu, domin a manyan biranen Ingila jiran yakan kai shekaru.