Darasi na 9: Wutar NIGELEC da kayan da muke jona mata

Wutar da ke shigowa gidajenmu a Tawa ba irin ta batir ba ce. Ta batir hanya ɗaya take bi. Ta NIGELEC kuwa, kamfanin lantarki na Nijar, kai-da-komo take yi cikin waya, sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Wannan kai-da-komon shi ya sa taransifoma ke iya ɗaga ƙarfinta ko ya sauke shi. Daga nesa ake turo ta: wata daga Najeriya, wata daga injunan kamfanin, wata kuma daga tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018. A kan manyan turaku da bolt dubbai take tafiya (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta), don kada ta salwanta a hanya. In ta iso unguwa, taransifoma ya sauke ta zuwa bolt 220. Ƴan'uwa, 220 ɗin nan ma ta isa ta kashe ƙato.

Kowace na'ura da irin cinta. Ku juya bayanta, za ku ga lamba da harafin W kusa da ita. Wat ke nan, ma'aunin abin da take ci. Ƙwan fitila na zamani bai cika wuce wat 10 ba. Fanka wajen 60. Amma duk abin da aikinsa zafi ne, cinsa da yawa: dutsen guga wat 1000 ko fiye, tukunyar dafa ruwa ta kan kai 2000.

A nan nake so mu daɗe. Waya kamar jaki take, akwai iyakar kayan da take ɗauka. Doguwar wayar nan mai bakuna da yawa da muke cewa ralanj, in an rubuta mata 10A (wato yawan wutar da za ta iya bi ta cikinta), to ku ninka 10 sau 220. Ya ba da wat 2200. Iyakarta ke nan, ko da bakunanta shida ne. Yawan baki ba ya ƙara mata ƙarfi. Kuma masu arha, masu siririyar waya, ba sa ɗaukar ko abin da aka rubuta musu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Adar ke kan ganiyarsa, sai a ga firji da fanka biyu da talabijin a ralanj guda, an kuma shimfiɗa tabarma a kanta. Uwargida ta zo ta ƙara dutsen guga. Wayar ta yi zafi, robar ta narke, tabarma ta kama. Abin ciwo shi ne, gobarar nan ba ta zuwa babu sallama: kan filogi ya yi ɗumi, warin roba ya tashi, bakin soket ya yi baƙi. Duk wanda kuka gani cikin ukun nan, ku kashe wuta, ku cire, ku kira mai gyara.

Makashin da ke kusa da mita, in ya faɗi da kansa, aikinsa ya yi. Ku rage kaya kafin ku tayar da shi. Kada a ɗaure shi, kada a ɗinke fis da waya.

In an ɗauke wuta, ku cire firji da talabijin, don wani lokaci takan dawo da ƙarfi fiye da kima. Bayan ta dawo a ɗan jira mintoci kafin a mayar da firji.

Sai maganar janareta, wanda muka fi sani da gurub. Wasu kan soka wayarsa cikin soket ɗin ɗaki don gida duka ya samu. Haɗari ne babba. Wutar za ta bi ta mita ta fita layi, taransifoman unguwa ya ɗaga ta zuwa bolt dubbai, ta tarar da ma'aikacin da ya hau turke yana zaton layi a kashe yake. Shi ma da iyali a gida. Dole mai gyara ya sa makunnin da ke raba gida da layin NIGELEC kafin wutar gurub ta shiga. Haka ma ga masu faifan hasken rana da akwatin juya wutar batir. Gurub kuma a fili ake ajiye shi, nesa da taga, domin hayaƙinsa na kashe masu barci.

Ruwa na ba wuta hanya. Kada a taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu. Da damina, in iska ta tsinko waya, a kori yara da dabbobi nesa, a sanar da NIGELEC. In wuta ta kama mutum, kada a riƙe shi. A kashe makashi, ko a ture shi da busasshen icce, a kai shi likita ko da ya ce ya warware. Gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an kashe wuta; lambar ƴan kwana-kwana 18.

Aikin gida: ku rubuta sunayen na'urorin da ke jone a ralanj ɗinku, kowace da lambar wat ɗinta, ku haɗa jimla. Ta wuce 2200 ko ba ta kai ba? Ku zo da takardar a zama na gaba mu duba tare.