Yadda Ake Gano Abin da Ke Damun Shukar Cikin Ɗaki

Kusan duk sabon shiga da na gani, da zarar ganyen shukarsa ya fara yin rawaya sai ya ɗauko ruwa. Idan bai ga sauyi ba ya ƙara da taki. Ni ma haka na kashe shukata ta farko, kuma ruwan ne ya kashe ta.

Fara da ƙasar. Cusa yatsarka cikin tukunya kamar santimita 3 zuwa 5. Idan ka ji danshi, ajiye butar. Kada yaushin ganye ya ruɗe ka, domin shukar da ruwa ya yi wa yawa tana yaushi kamar mai ƙishi. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, kuma idan ta daɗe a cikin ƙasa jagab sai ta ruɓe ta kasa shan komai, ganyen sama ya langaɓe, kai kuma ka ƙara zuba ruwa. A nan ne yawanci ake rasa shukar.

Idan ƙasa na jiƙe kuma ganyen ƙasa-ƙasa na ta rawaya suna zuba, kife tukunyar a hankali ka zare shukar. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, mai ƙarfi. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana lumbu-lumbu a hannu, tana wari. Yanke duk wadda ta ruɓe da almakashi mai tsabta, zubar da tsohuwar ƙasar gaba ɗaya, sa sabuwa mai sauƙin tsanewa. Tukunyar da ba ta da huda a gindi ba ta shiga gidana, komai kyanta. Kuma zuba tsakuwa a ƙasanta ba ya maye gurbin huda, ɓata kuɗi ne kawai. Ranar ban ruwa ka zuba sosai har ya fito ta hudar, ka zubar da wanda ya taru a faranti bayan kamar minti 15. Manta da batun "duk ranar Juma'a zan ba ta ruwa", yatsarka ce za ta gaya maka lokaci.

Idan saiwa lafiya ƙalau amma sabbin ganyen sama suna fitowa rawaya, jijiyoyinsu kuma kore, to ka zargi ƙarancin tsamin ƙasa. Yawancin shukokin ɗaki sun fi son ma'aunin pH, wato lambar da ke nuna tsamin ƙasa, tsakanin 6 da 7. Idan ya haura haka, wato tsamin ya yi ƙaranci, sinadarin ƙarfe yana nan cikin ƙasar amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa, don haka ƙarin taki ba zai yi magani ba. Sau da yawa ruwan famfo mai yawan alli ne sanadi, za ka ga farin ɓawo a saman ƙasa ko bakin tukunya. Takardar gwajin pH ta wadatar, ba sai ka sayi na'ura mai tsada ba. Kankare ɓawon, wanke ƙasar da ruwa mai yawa, sannan ka koma ruwan sama in kana samu.

Haske kuwa ba ya ɓuya. Kara ya yi tsawo siriri, tazara ta ƙaru tsakanin ganye da ganye, shuka ta karkata wajen taga: haske ne bai isa ba. Matsar da ita kusa da taga, ka riƙa juya tukunyar duk mako. Tabo busasshe mai ruwan ƙasa a gefen da ke kallon rana ƙuna ce, sa labule mai shara-shara. Ɗaki mai duhu sai fitilar LED ta shuka, awa 12 zuwa 14 a rana. Shukar da ke cikin ƙarancin haske ba ta shan ruwa da yawa, don haka ka rage mata ban ruwan.