Kurakuran da ma'aikata ke tafkawa a hutun shekara

Duk shekara abu ɗaya ake maimaitawa a ofisoshin Bauchi: ma'aikaci ya karɓi takardar hutu, ya dawo da gajiyar da ta fi wadda ya tafi da ita.

Tushen matsalar shi ne tafiya ba a miƙa aiki ba. Saura mako guda ka tafi, zauna da wanda zai riƙe maka teburi, ka rubuta masa fayilolin da ke hannunka, inda kowanne ya tsaya, da wanda zai sa hannu. Ka ba shi makullai. Shi kaɗai zai kira ka, shi ma sai in abu ya ɓaci. Guruf ɗin ofis na WhatsApp kuwa, toshe ƙararsa. Wanda oga ke kira sau biyar a rana yana bakin aiki, wurin zama kawai ya sauya.

Wasu kuma cewa suke a ba su kuɗi su yafe hutun. Haba Malam! Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi bayan wata 12, kuma ya hana biyan kuɗi a madadin hutu sai in aiki ya ƙare. Jikin da bai huta ba shi ke kawo kuskuren lissafi da faɗa da abokan aiki.

Kuskuren da ya fi cin dukiya shi ne sayen mako ɗaya na kowace shekara a masaukin shaƙatawa, irin wanda dillalai ke tallatawa a Dubai da Turai. Amfaninsa gaskiya ne: tunda ka biya, dole ka tafi. Amma mutanenmu farashin saye kawai suke dubawa. Akwai kuɗin kula da gini duk shekara, ka je ko ba ka je ba, yana ƙaruwa, kuma da kuɗin waje ake biya. Wanda albashinsa naira ne ya ga abin da canji ya yi tun 2023. Tikitin jirgi da biza suna kanka. Ranar da ka so sayarwa, da wuya ka samu mai saye, wasu yarjejeniyoyin ma har magada suke bi. Kada ka sa hannu a ranar da aka yi maka talla, komai ragin da aka yi alkawari. Kai wa lauya takardar, ka tara kuɗin shekara goma, ka gwada da na kama ɗakin otal. A ƙasashen Tarayyar Turai mai saye na da kwana 14 na janyewa. Nemi wannan sharaɗi a rubuce ko'ina ne.

Ni dai shawarata Yankari, ga ta a gida. Sai dai kada ka je da damina neman giwaye, ciyawa ta rufe daji. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji. Ruwan Wikki kuwa, maɓulɓular da ke cikin Yankari, ɗuminsa na nan wajen digiri 31 rani da damina. Kama ɗaki da wuri in lokacin Sallah ne ko Kirsimeti.

Kada hutun ya ƙare kacokan a gona da bukukuwa. Ware kwana uku naka da iyali. Ka dawo gida Asabar in Litinin za ka koma ofis.