Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Kirifto, Ga Abin da Nake Gaya wa Masu Zuwa Shagona a Jega

Ina da shagon POS a Jega, kuma ban da cirewa da tura kuɗi ina saye da sayar da USDT, wani nau'in kuɗin intanet da ake kira kirifto. Shi ya sa masu tambaya ba sa yanke mini: ɗaliban jami'ar Aliero, 'yan kasuwar albasa da shinkafa, ma'aikatan ƙaramar hukuma, har da matan aure da ke aiko ƙannensu da waya. Duk kirifto suke kira, amma in ka zauna da mutum sai ka tarar harka uku ce daban. Wani saye da sayarwa yake nufi, wani danna waya da ake kira maining, wani kuma an ce masa ne ya kawo kuɗi a juya masa. Kowacce aka kawo mini, tambayata ɗaya ce: kuɗin yana hannun wa, kuma in ka so fitar da shi yau da daddare, wa ke da ikon hana ka?

Maganar doka gajeriya ce. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto, sannan ya janye hanin a Disambar 2023. A Agustan 2024 hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta ba dandalin cinikin kirifto na Busha da na Quidax amincewar farko, kuma dokar zuba jari da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Maris ɗin 2025 ta sa kadarorin intanet a ƙarƙashin kulawar SEC. Dandalin Binance kuwa ya rufe cinikin naira tun Maris ɗin 2024, don haka duk wanda ya ce maka shi wakilin Binance ne, ka tura masa naira ya sa maka a asusu, ka san inda ya dosa. Batun halacci a addini malamai sun saɓa, ka je wa malamin da ka yarda da iliminsa. Ni dai abin da ya yi kama da caca ko ya ƙunshi ruwa ba na taɓa shi.

Mai farawa ya fara da USDT. Kamfanin Tether ne ke fitar da shi, an kuma tsara shi ya riƙa tafiya daidai da dalar Amurka ɗaya, saboda haka za ka koyi saye da turawa ba tare da farashi yana yi maka tsalle ba. Ka sauke manhajar dandalin daga Play Store da kanka, kada ka bi wani linki da aka turo a guruf. Ka yi rajista da sunanka na gaskiya, wanda ke kan NIN da asusun bankinka, ka kunna Google Authenticator, manhajar da ke ba da lambar tsaro ta shiga asusu, domin lambar da ake turowa ta saƙon waya tana tafiya da layinka ranar da aka sace wayar. Kuɗin farko ya zama wanda in ya salwanta ba za a fasa ɗora tukunya a gidanka ba. Ba kuɗin taki ba, ba na adashin matarka ba, ba bashi ba.

A cinikin P2P mutum da mutum ne ke ciniki, dandali yana tsakiya a matsayin mai riƙon amana. In kai ne mai saye, da zarar ka buɗe ciniki dandali zai kulle USDT ɗin mai sayarwa, ka tura naira zuwa asusun da aka nuna, ka danna cewa ka biya, shi kuma ya saki. Kafin ka zaɓi mutum ka duba yawan cinikin da ya kammala, ka bar wanda farashinsa ya fi na kowa araha da nisa. Idan ka riga ka biya, kada ka soke cinikin ko da ya haɗa ka da Allah, domin sokewa ita ke buɗe masa kayansa ya tafi da su da kuɗinka. In ya yi shiru, akwai wurin ɗaukaka ƙara a cikin manhajar, ka sa rasit ɗinka ka jira. In ya ce ku koma WhatsApp ku ƙarasa, ka ƙi.

Wajen sayarwa aka fi cin mutane, kuma a nan aikin POS ya koya mini taurin kai. Alat ba kuɗi ba ne, hoton rasit ma ba kuɗi ba ne. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga adadin ya ƙaru da idonka kafin ka saki ko sisi. Za a yi ta ɗaga maka hankali, a ce mara lafiya na kwance a asibiti, a ce za a kai ƙararka. Kai dai ka jira kuɗi su sauka. Bayan sun sauka ka duba sunan wanda ya turo. In ya saɓa da sunan da ke kan dandali, ka mayar da kuɗin ta inda suka fito, ka kai ƙara. Ɓarayi kan yaudari wani bawan Allah ya tura kuɗinsa asusunka, su karɓi USDT su ɓace, in ya kai ƙara asusunka ne za a rufe, kai ne kuma za ka yi ta zarya tsakanin banki da ofishin 'yan sanda a Birnin Kebbi.

Abin da ka bari a kan dandali yana hannun masu dandalin. Mutanen da suka ajiye dukiyarsu a dandalin FTX sun ga haka a Nuwambar 2022, lokacin da ya durƙushe alhali yana cikin manyan duniya. Mai shi, Sam Bankman-Fried, an yanke masa ɗaurin shekara 25. Don haka abin da za ka daɗe ba ka taɓa ba ka kai shi walet ɗinka na kanka, wato manhajar ajiya da kai kaɗai ke riƙe da makullinta, irin su Trust Wallet. Ranar da ka buɗe za a ba ka kalmomi 12 ko 24 na Turanci a jere. Waɗannan kalmomi su ne kuɗin. Duk wanda ya gan su zai kwashe komai daga ko'ina yake a duniya, babu banki ko kotun da za ta juyo da su. Ka rubuta su da biro a takarda biyu, ka adana a wurare biyu da ruwa da gara ba sa kaiwa. Kada ka ɗauke su hoto, kada ka tura wa kanka a WhatsApp, kada ka bar mai gyaran waya ya buɗe maka walet. Babu wani ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai taɓa tambayar su. Ka kuma sanar da mutum ɗaya amintacce inda takardar take, saboda mutuwa ba ta sallama, kuma haƙƙin magada ne.

Wajen turawa ka lura da layi, wato hanyar da kuɗin zai bi. USDT yana bin layuka da yawa: adireshin TRC20 da harafin T yake farawa, na ERC20 da BEP20 kuwa duka da 0x suke farawa, a nan ake rikicewa. Layin da mai karɓa ya faɗa shi za ka zaɓa. Ka fara tura kaɗan, in ya isa ka tura sauran.

Saye don jiran farashi ya tashi, mutumin Aliero ba sai an koya masa ba. Da kaka ake sayen albasa da araha a zuba a rumbu, a jira ta yi tsada, an kuma san wata za ta ruɓe, wata shekarar ma kasuwa ta ƙi. Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwambar 2021, bayan shekara guda ya dawo wajen 16,000, sannan ya haura 100,000 a Disambar 2024. Wanda ya saya a sama da kuɗin haya dole ta sa ya sayar a ƙasa, wanda ya saya da rarar kuɗi ya iya jira. Shawarata ka riƙa saye kaɗan-kaɗan duk wata, ka tsaya kan manya irin Bitcoin da Ethereum, ka rubuta farashin da ka saya da wanda za ka sayar tun kafin zuciya ta shiga. Ƙananan da ake tallatawa a guruf da cewa za su ninka ɗari, galibi masu tallar sun riga sun saya, mai karɓar kayansu suke nema. Kirifton Luna ma da aka yi ta yabo ta koma kusan sifili cikin 'yan kwanaki a Mayun 2022. Fiyuca kuwa, inda dandali ke ara maka ƙarfin kuɗi ka yi hasashen hawa ko sauka, lissafinta kaɗai ya isa: in ka ɗauki ninki 20, farashi ya saɓa maka da kashi 5 cikin ɗari, jarinka ya ƙare. Bitcoin yakan yi irin wannan motsi a yini ɗaya.

Sai maining, wanda ya fi komai cin lokacin matasanmu. Haƙar Bitcoin ta gaskiya na'urori na musamman ke yin ta, suna tseren warware lissafi, kusan duk minti 10 a samu wanda ya ci. Tun Afrilun 2024 ladar ta koma Bitcoin 3.125, kuma duk bayan kimanin shekara huɗu ake raba ta biyu. Ɗauki na'ura ɗaya, Antminer S19 Pro: tana jan wat 3,250, wato yunit 78 a kwana guda in ba a ɗauke wuta ba. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, a Afrilun 2024, naira 17,550 ke nan kullum, kuma abin da irin wannan na'ura ke samowa tun bayan rage ladar bai kai haka ba. Ba a yi maganar dizal ba, ba a yi ta zafin Afrilu a Kebbi da ke haura digiri 40 ba, ga ƙura. Ethereum ma ya daina haƙa tun Satumbar 2022. Saboda haka duk manhajar da ta ce wayarka na haƙo Bitcoin, ko ka biya hayar na'ura a wata ƙasa a riƙa ba ka riba kullum, ka goge ta.

Danna waya irin na Pi, Notcoin da Hamster Kombat wani abu ne daban. Wayar ba ta haƙar komai, kamfani ne ke tara jama'a da alƙawarin rabon kyauta. Notcoin ya biya mutane a Mayun 2024, shi ya sa kowa ya ruɗe. Da Hamster ya yi nasa rabon a Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Pi da aka fara a 2019 sai 20 ga Fabrairun 2025 ya shiga kasuwa, ya kusa dala 3, ya gangaro ƙasa da dala 1, alhali an shekara ana rantse mana a majalisa cewa kowane ɗaya dala 314,159 ne. Ban hana kowa dannawa ba in yana da lokaci. Sharaɗina uku ne: kada ka biya ko kwabo, kada ka sa kalmomin walet ɗinka a wani shafi da sunan tantancewa, kada ka sayar wa kowa NIN ɗinka da fuskarka don ya yi rajista, domin duk ɓarnar da aka yi da asusun sunanka ne a kai.

Na uku, kawo mu juya maka, shi ne ya fi kwashe dukiya. Wani dattijo mai sayar da shinkafa ya shigo da wayar ɗansa, ya ce, "Ɗana, duba mini wannan. An ce duk wata kuɗi ninkawa suke yi." Na ce, "Baba, mu yi lissafi tukuna." Naira 100,000 in tana ninkawa duk wata, a shekara guda ta haura miliyan 409, a shekara biyu ta haura tiriliyan ɗaya da rabi, fiye da kasafin kuɗin jihar Kebbi. Ya yi shiru, can ya ce, "To mai wannan dabara me zai yi da dubu ɗarina?" Ya karɓi wayarsa.

An sha ganin irin wannan harka a Najeriya: MMM ta yi alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta kulle a Disambar 2016. CBEX ta yi alƙawarin ninki guda cikin kimanin wata ɗaya, ta ce na'ura mai basira ce ke ciniki, ta rufe a Afrilun 2025, har mutane suka fasa ofishinta a Ibadan. Tsarin bai canja ba: kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi, shi ya sa na farko ke samu da gaske, kuma su ne ke jawo 'yan'uwansu da zuciya ɗaya. Saboda haka "wane ya cire, na gani da idona" ba hujja ba ce. Ka duba ko an yanka maka riba tabbatacciya, ko ana ba ka lada in ka kawo mutum, ko an kulle uwar kuɗi na wasu kwanaki, ko an ce ka yi sauri kafin a rufe. Ɗaya daga ciki ya isa ka tsaya. Takardar CAC shaidar rajistar suna ce kawai, ta SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, ma ba lasisin karɓar jarin mutane ba ce. Ka shiga shafin SEC ka nemi sunan kamfanin da kanka. Kuma mai tallata irin wannan a guruf ya sani dokar 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun.

In an riga an ci ka, kada ka ƙara ko naira ɗaya. Bayan CBEX ta rufe an nemi mutane su biya dala 100 ko 200 wai don a tantance su a buɗe musu, wasu kuma suka biya. Za a biyo ka ta Facebook da Telegram da sunan ƙwararrun dawo da kuɗi, su ma kuɗin aiki za su nema tun farko. Abin yi shi ne ka ɗauki hoton duk hirarku, ka adana rasit da adireshin walet ɗin da ka tura wa da lambar cinikin, ka je bankinka a ranar in naira ka tura, domin wani lokaci ana iya riƙe kuɗin kafin a fitar, sannan ka kai ƙorafi a rubuce ga EFCC. Idan kuma kalmomin walet ɗinka ne suka fita, ka buɗe sabo nan take ka kwashe abin da ya rage zuwa can, tsohon kuma kada ka sake tura masa komai.