Yadda Ake Kare Gida da Mota Daga Ɓera Mai Tara Tarkace na Amurka

Wanda ya sauka a kudu maso yammacin Amurka, musamman wajen Tucson a jihar Arizona, zai haɗu da wani ɓeran daji da masana ke kira Neotoma. Ɗabi'arsa ita ce kwasar ƙananan kaya zuwa sheƙarsa: makulli, cokali, marfin kwalba, duk abin da yake ƙyalli. Idan yana ɗauke da tsinke ya ci karo da zobe, sai ya yar da tsinken ya tafi da zoben, shi ya sa mutanen yankin suke cewa musaya yake yi.

Da farko a nemo sheƙar, wadda tsibi ce ta ƙirare da ƙayoyi, yawanci a gindin kaktus, wata shukar hamada mai ƙaya, ko cikin tarin itace, ko bayan ɗakin ajiya. A ɗana tarko da man gyaɗa a kan hanyarsa da magariba, tun da da dare yake fita. Ba na goyon bayan sa guba ko kaɗan, domin mujiya ko shahon da ya ci ɓeran yana iya mutuwa, alhali su ne suke rage yawansa.

Bayan an kama shi, wajibi ne a rushe sheƙar, kuma nan ne mutane da yawa suke sakaci, domin sheƙar da aka bari wani ɓeran ne zai gaje ta. A cikin kogon duwatsun hamada an samu tarin tarkacen da fitsarin waɗannan ɓeraye ya daskarar, wanda ya kai shekara 40,000, har masana suna gano tsirran zamanin da a cikinsa. A sa safar hannu mai kauri da takunkumi, a jiƙa wurin da ruwan bilic kafin a taɓa, kada a share shi a bushe saboda ƙurar tana iya ɗauke da cuta. A janye tarkacen da dogon manjagara, domin kunama da maciji da wani ƙwaro mai shan jini, wanda yake yaɗa cutar Chagas, suna fakewa a ciki.

Ita kuwa mota, ɗumin injinta da duhunsa ne suke jawo shi, ya shiga ya ciccije wayoyi. Mazauna yankin sukan bar bonet a buɗe da dare, su sa fitila a ƙarƙashinsa. A jikin gida kuma, a toshe duk ƙofar da ɗan yatsa zai shiga da ragar ƙarfe, kuma a daina barin abincin kare ko na kaji a waje ya kwana.