Yadda namiji zai kula da ƙwayoyin haihuwarsa tun da sauran lokaci

Ɗan'uwa maganar nan mu maza ba ma son jinta, amma gara mu faɗa wa juna. Binciken da Hagai Levine da abokan aikinsa suka fitar a 2022, wanda ya tattaro bayanai daga ƙasashe 53, ya nuna daga 1973 zuwa 2018 ƙwayoyin haihuwa da ke cikin maniyyi sun sauko daga kusan miliyan 101 a kowace mililita zuwa miliyan 49. Kuma ka san sai an samu kimanin 'ya'ya 2.1 ga kowace mace kafin yawan al'umma ya tsaya inda yake, in ya koma ɗaya to mutum 100 'ya'yansu kusan 50 ne, jikoki 25. Koriya ta Kudu ma 0.72 ga kowace mace ta samu a 2023. Gaskiya tsadar rayuwa da jinkirin aure sun fi yin ɓarna wajen raguwar haihuwa, amma wanda ke neman ɗa ido rufe bai samu ba, shi ma yana cikin lissafin.

Toh abin da ke hannunka, fara da zafi. Allah Ya ajiye maraina a waje ne don suna bukatar sanyi fiye da sauran jiki, kai kuma kullum laftof a kan cinya, wando ɗamamme, ga daɗewa cikin ruwan zafi. Ka bar su su sha iska. Sigari da giya ka yi sallama da su, tumbi in ya yi yawa a rage shi, in kana feshin maganin ƙwari ka rufe jikinka da hancinka.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne allurar testosterone, wato sinadarin mazakuta, da samari ke yi don jiki ya murɗe, wallahi tana iya tsayar da ƙera ƙwayoyin gaba ɗaya, mutum yana ganin kansa ƙato alhali ciki wayam. Ciwon sanyi ma kar ka yi masa shiru, in ya daɗe yana toshe hanya.

Sai haƙuri, jiki yana ɗaukar kamar kwana 74 kafin ya kammala sabbin ƙwayoyi, don haka duk gyaran da ka fara yau sai bayan wata uku za a ga amfaninsa.

In kun shekara da iyali ba ciki, dan Allah kar a tura baiwar Allah asibiti ita kaɗai tana shan magana, kusan rabin matsalar nan akwai hannun namiji a ciki, kuma ƙarfin kwanciya daban lafiyar ƙwaya daban. Ka je gwajin maniyyi, za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ka bayar a ɗan kofi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya miliyan 16 ne a kowace mililita zuwa sama, in naka bai kai ba a maimaita gwajin tukuna, sannan likita ya duba ko jijiyoyin maraina ne suka kumbura, wannan ana yi masa aiki.