Yadda Ake Tattara Tsofaffin Hotunan Samarin Gari

A ranar 20 ga Disamba, 1906, mutum 15 daga yankin Ilokos na ƙasar Filifin, akasarinsu samari, suka sauka a Honolulu domin aikin ƙwadago a gonakin rake na Hawai, kuma dubbai suka bi sawunsu har zuwa 1946. Ana kiransu sakada. Da yawansu ba su bar wa garuruwansu komai ba sai hoton da suka ɗauka sanye da kwat suka aiko gida, kuma da irin waɗannan hotuna ne jikokinsu suke gane su a yau. Mu ma a Jos muna da irin wannan tarihi, domin haƙar kuza ta janyo samari daga Kano da Katsina da Zariya da Barno, suka zauna a Gangare da Dilimi, suka haifi wasu samarin da suka cika makarantu da filayen ƙwallo. Hotunansu suna nan cikin akwatunan ƙarfe, amma masu iya faɗin sunayensu suna ƙarewa.

A fara da iyaye mata, domin galibi su ne masu ajiya. A je da gaisuwa, a zauna, a bayyana niyya, kuma kada a nemi a tafi da hoto, saboda gidajen da suka yi asara a rikicin 2001 suna da dalilin riƙe ɗan abin da ya rage musu. Aikin duka ana iya yin sa a tsakar gida. A shimfiɗa hoton a kan farin ƙyalle a inuwa, a kashe fitilar waya, a riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba, sannan a juya shi a ɗauki bayansa, inda ake samun hatimin mai hoto ko kwanan wata ko saƙon da aka rubuta wa aboki. Hoton da ya manne a jikin albam ko gilashi a bar shi yadda yake, domin ɓamɓarowa tana tafiya da fuskar.

Babban aikin shi ne sunaye, kuma a nan ya kamata a ba da lokaci. A kunna rikodar waya bayan an nemi izini, a miƙa wa dattijo hoton, a ce: "Baba, wane ne wannan na hagu mai hula?" Sai a yi shiru a saurara. Sau da yawa laƙabi ne zai fara fitowa kafin sunan yanka, kuma dole ne a rubuta duka biyun, tare da sunan mahaifi da unguwa da sana'a da garin asali. A bi mutanen daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, yadda ba za a rikita su ba. Daga nan a kai hoton wurin wani tsohon daban ba tare da an faɗa masa abin da na farko ya ce ba. Idan maganarsu ta saɓa, a rubuta kowace da sunan mai ita, domin a ganina barin gurbi ya fi liƙa wa fuska sunan da ba nata ba.

Idan babu kwanan wata, abin da ke cikin hoton yana taimakawa. Wando mai faɗin ƙafa da tarin suma suna nuna shekarun 1970, lokacin da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Mighty Jets ta Jos ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, kuma lambar mota ko allon shago na iya ƙara haske.

Wajen adana, a rubuta bayani a bayan hoto da fensir mai laushi, domin tawadar biro tana ratsa takarda. Kada a liƙe shi cikin leda da zafi kamar katin shaida. A sa kowanne cikin ambulan, a ajiye nesa da bango mai danshi, musamman da damina. Kwafin waya kuma a raba shi wuri biyu ko uku, ɗaya a hannun ɗan uwa da ke wani gari.

Kafin a sa hoton wanda ya rasu a Facebook ko a zauren WhatsApp na unguwa, a nemi yardar iyalan mamacin, a rubuta cikakken sunansa da na gidan da ya ba da hoton, sannan a roƙi masu gani su yi masa addu'a, su kuma taimaka da sunayen sauran da ba a gane ba tukuna.